Ɗan Jiran Mikkos Mai Kifi

A unguwarmu ta Faleron da ke bakin teku, babu wanda bai san Telesiyas ɗan Harmon yana son kujerar majalisa ba, shi ma bai taɓa ɓoyewa ba. Yana da gonar zaitun madaidaiciya da ya gada, yana da garkuwa da mashi nasa na kansa a rataye a zaure, ga kuma baki. In ya miƙe a taron unguwa ya gyara mayafi a kafaɗa, sai ka ga tsofaffi suna neman wurin jingina, don sun san za a daɗe. Ba zan tauye shi ba, maganarsa tana da daɗin ji. Abu ɗaya ya rasa, kuma da shi birnin Atina yake raba kujeru, wato sa'ar wake.

Kowace shekara unguwanni suna tura mutanensu majalisar ɗari biyar, masu tsara abin da za a kai gaban taron jama'a. Ba a duba gona, ba a duba iya zance. Duk ɗan gari da ya kai shekara talatin yana iya ba da sunansa, sai a zuba wake fari da baƙi a tulu, a kira suna a zaro ƙwaya. Mai fari ya tafi birni, mai baƙi ya koma gida. Wannan ita ce dimokuraɗiyyar da muke taƙama da ita a gaban baƙi, mu zage ta in mun shiga ɗaki. Telesiyas ya yi ta ba da suna har ya fara furfura, baƙin wake bai taɓa kuskure shi ba.

A shekarar da nake ba da labari, Mikkos ma ya ba da suna. Mikkos ƙanin Hedista ne, matar Telesiyas. Ƙananan kifi yake sayarwa a bakin ruwa, in yaƙi ya tashi kuma ya shiga jirgi ya ja filafili. Abokansa ne suka zuga shi don su samu abin dariya, ya zo filin da kwando a kafaɗa, hannunsa yana ƙarni. Da aka kira sunansa, mai zaro wake ya sa hannu a tulu ya fito da ƙwaya fara tas.

Telesiyas ya ji kamar an zuba masa garwashi a ƙirji, ga shi ba a ma gama da shi ba. Duk wanda ya samu fari, ana zaro masa ɗan jira daga cikin waɗanda suka faɗi, wanda zai hau kujerar in mai ita ya mutu ko ya kasa tsallake tantancewa. Aka sake sa hannu a tulu, sai ga Telesiyas ya fito a matsayin ɗan jiran Mikkos. Filin ya kaure da dariya.

Mikkos ya ajiye kwando ya rungume shi. "Mijin Yaya, ka ga tsarin alloli? Ni in shiga in zauna, kai ka tsaya a ƙofa ka riƙe min takalma."

"Ai ba ka da takalman," in ji Telesiyas, yana yaƙe.

"Sai ka ara min naka. Kuma ka kwantar da hankalinka, ran da na ji ko ɗan ciwon kai ne, kai zan fara aika wa."

Wasa ne irin na ƙanin mata da mijin yaya, sun saba yin sa tun ba yau ba. Ranar dai wasan bai zauna masa ba. Kafin ya isa gida masu gyaran taru a bakin hanya sun fara kiransa Ɗan Jira, sunan kuwa ya bi shi.

Ya tarar da Hedista tana waƙa a madafa, abin da ya daɗe bai ji ba. Kuma kamar da gangan, faten wake ta ajiye masa.

"Maigida, ka ji abin arziki? Mikkos ɗinmu a majalisa. Ina ma Inna tana da rai."

"Na ji. Ina wurin."

"An ce in sa'a ta ƙara zuwa, har makullan gari zai iya riƙewa."

Nan ta taɓa masa inda yake ciwo ba ta sani ba. A cikin 'yan majalisa, kullum da faɗuwar rana ana jefa ƙuri'a a fitar da mutum ɗaya ya zama shugaban yini. Shi zai kwana ya wuni da hatimin gari da makullan ɗakunan bauta inda dukiyar Atina take, shi zai zauna a gaba in an yi taron jama'a, kuma sau ɗaya tak mutum yake samu a rayuwarsa. Wannan yinin Telesiyas yake mafarki tun yana saurayi. Ya san gefen da zai rataya makullan a ɗamararsa, ya san kalmar da zai buɗe taro da ita. Yanzu in ya rufe ido sai ya ga makullan a hannun da ke warin kifi. Hassada ce, babu wani suna da za a sa mata, shi ma can cikin ransa ya san ita ce. Sai dai ya yi mata wanka ya sa mata kaya, ya riƙa kiranta kishin gari. Ya ture kwanon ya ce ba ya jin yunwa.

Ba a daɗe ba Hedista ta roƙe shi ya biya ya kai wa mahaifinta tulun mai. Baba Filton tsohon masunci ne, tsufa ya taɓa masa hankali. Matar Mikkos ta rasu ba ta bar ɗa ba, su biyu ne kawai a gidan. Telesiyas ya tura ƙyaure ya tarar da tsohon a inuwar ɓaure, ga gurasa da ruwa a gefensa, ga igiya a ƙugunsa, ɗaya bakin a ɗaure a jikin itacen. An naɗe igiyar da ulu a inda take taɓa jiki. Tsawonta ya kai shi ɗaki ya kai shi rana, amma bai kai shi bakin rijiya ba. Tsohon yana zaune abinsa yana ba ɓauren labarin wata guguwa.

Da ya dawo ya tambayi Hedista, sai ta rage murya. "Ai ka san Baba. In abin ya motsa sai ya ce jirginsa yana jiransa, duk ruwan da ya gani teku ne. Bara da ƙyar aka zaro shi daga rijiya. Mikkos kuma in ya zauna gadinsa, me za su ci? Ƙullin masu jirgi yake yi masa, ko ya ja ba ya matsewa. Ka rufa mana asiri, Maigida, mutane ba za su gane ba."

"Wa zan gaya wa?" in ji shi. Kuma a lokacin da gaske yake.

A shagon wanzami da ke kasuwar birni ya haɗu da Arkebiyos. Shi wannan mai dawaki ne, gonakinsa har bayan dutse, yana cikin mutanen nan masu tara gashi da ke kiran kansu masu asali, sauranmu kuma tarkace. A da ko kallo Telesiyas bai ishe shi ba. Ranar kuwa yana kishingiɗe ana gyara masa gemu, ya ɗaga yatsa ya kira shi.

"Ɗan Harmon, na ji abin da wake ya yi maka. Na taɓa jin ka yi magana a kan gyaran ganuwa, na ce wannan mutumin asararsa ake yi a Faleron."

Daɗi ya ratsa Telesiyas har tafin ƙafa. "Ranka ya daɗe, haka tsarin yake."

"Tsarin miya ke nan. Wake na tukunya ne. Dubi wannan da ya ɗora min aska a maƙogwaro, da wake na zaɓe shi? Na duba na ga ya iya, sannan na miƙa masa wuyana. Amma wuyan gari sai a miƙa wa duk wanda tulu ya amayo."

"Ranka ya daɗe ka daina motsi," in ji wanzamin. "Ni ma tulun ya taɓa amayo ni, na yi shekarata a majalisa, ban ga gari ya rushe ba."

"Bai rushe ba don akwai masu tallafe da shi ba ka sani ba." Arkebiyos ya juyo da ido wajen Telesiyas. "Da a ce mutane kaɗan masu hankali ne suke zama su zaɓa, masu gona da garkuwa, waɗanda in gari ya ƙone nasu ne ya ƙone, tsakanin kai da mai kifi wa kake gani za su ɗauka?"

Wannan ita ce maganar da Telesiyas yake faɗa wa kansa a ɓoye shekara da shekaru, cewa da ido buɗe ake zaɓe, da shi za a zaɓa. Jin ta a bakin mai dawaki sai ya mayar masa da ita gaskiya. Ya tsaya har aka gama gemun, ya raka Arkebiyos bakin titi.

"Akwai sauran tantancewa," in ji Arkebiyos yana kaɗe gashi daga mayafinsa. "Kowa yana da abin da ba ya so a ɗaga, kai kuma na gida ne. In ka miƙe, ba za ka miƙe kai kaɗai ba."

Telesiyas ya kama hanyar gida. Tun daga ƙofar birni har Faleron, igiyar nan ce take gilma masa a ido.

Ranar tantancewa sababbin 'yan majalisa suka jeru a gaban masu barin gado, 'yan kallo suka cika bayan shinge. Tambayoyin ba sa canzawa, kowa ya haddace su. Da aka zo kan Mikkos, shugaban zaman ya tambaye shi wane ne ubansa, daga wace unguwa.

"Filton, na Faleron. Duk wanda ya taɓa cin kifi a garin nan ya ci na hannunsa."

"Ina kaburburan gidanku?"

"A bayan tudun unguwarmu, na waɗanda teku ta yarda ta dawo mana da su."

"Kana fita yaƙi in an kira?"

Mikkos ya buɗe tafukansa ya nuna kanta. Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa mutumin da ya kwanta a rai.

"Kana kyautata wa iyayenka?"

"Inna ta rasu. Baba yana nan, kuma ba ya kwana da yunwa."

Shugaban ya ɗaga kai ya yi tambayar ƙarshe, wadda galibi don cika al'ada ake yin ta. "Akwai mai ƙorafi a kan wannan mutum?"

Dariyar nan da aka yi wa Mikkos ita ta ƙarasa aikin. Telesiyas ya ga tun bai zauna ba an fara son sa, sai ya ji ƙafafunsa sun miƙe. Ya gyara mayafi a kafaɗa.

"Mutanen Atina, na so in yi shiru. Wannan ƙanin matata ne, na ci gurasa a gidansu. Amma gari ya fi gida. Da idona na ga tsohon da ya haife shi a ɗaure a jikin itace da igiya, kamar akuyar da ake jira ranar kasuwa ta zo. Tsohon da ya ciyar da shi, ya koya masa jefa taru. Wanda ya ɗaure ubansa, in kun danƙa masa makullan gari, me kuke zato zai yi da ku?"

Ya yi magana mai tsawo, kuma bai taɓa yin mai kyanta ba. Abin da ya fi muni shi ne ko ƙarya ɗaya bai yi ba. Ulun kawai ya tsallake, da rijiyar.

"Gaskiya ne?" shugaban ya tambayi Mikkos.

Mikkos, wanda muryarsa take danne ta kowa a kasuwar kifi, ya buɗe baki ya rasa ta inda zai kama. Ba shugaban yake kallo ba, mijin yayarsa yake kallo. "Ina ɗaure shi," in ji shi, "amma ku bari in faɗa muku..."

Daga bayan shinge mutanen Arkebiyos suka ɗauki ihu, ba wanda ya ji sauran. Aka ce a ɗaga hannu, Mikkos ya faɗi. Nan take aka kira ɗan jiransa. Da aka tambayi Telesiyas ko yana kyautata wa iyayensa, ya ce sun rasu, kuma ba ya fasa kai musu mai da zuma a kabari. Babu wanda ya tashi daga kabarin ya ƙaryata shi, don haka ya wuce.

A Faleron labari ya riga kowa isa. Matan da suka saba tsayawa a kan kwandon Mikkos suka koma wucewa suna kawar da kai, kifinsa ya riƙa kwana. Wata safiya ya shigo gidan Telesiyas riƙe da hannun Baba Filton, da ƙunshin kayan tsohon a ka.

"Mijin Yaya," in ji shi, babu ko alamar wasa a muryar. "Jiragen yaƙi za su tashi gobe, na ba da suna. Ba mai sayen kifin wanda ya ɗaure ubansa. Ga Baba. Kai da ka san yadda ake riƙon tsoho, sai ka nuna mana." Ya zaro igiyar nan daga ƙunshin ya rataye ta a turken zaure, dab da garkuwa. "Wannan na san ba za ka buƙace ta ba. Ajiya ce."

Da Hedista ta yi kuka ko ta yi zagi, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ta daina waƙa, ta daina ce masa Maigida, abinci sai dai ya tarar an ajiye a rufe. Igiyar kuwa ko kallonta ba ta yi. Ta rufe rijiyar gidan da katako, ta koma bin mahaifinta ƙafa da ƙafa daga safe har yamma, har ta rame.

Shi kuwa Telesiyas ya samu abin da yake nema. Ya sa kambin ganye irin na 'yan majalisa, ya yi rantsuwa, ya ci abincin gari a ɗakin nan mai kama da rumbu inda 'yan majalisar da zagayen aiki ya zo kansu suke kwana. Ya ji daɗi, kada wani ya ce maka bai ji ba. Sai dai duk sanda ya miƙe zai yi magana, sai ya ji wani a baya yana tambayar na kusa da shi, "Wannan ne wanda ya hau kujerar mai kifi?" Ko a birni sunan Ɗan Jira bai bar shi ba. Mikkos yana can tsakiyar teku, amma kamar yana zaune a gefensa a kan benci.

A wannan lokacin ne yaƙi ya juya mana baya. Aka fara raɗe-raɗin cewa mulkin jama'a ne ya jawo, gara a bar gari a hannun 'yan tsiraru masu hankali. Waɗanda suka ɗaga murya suka musa, aka fara tsintar gawarsu a lungu, sauran suka koyi yin shiru. Telesiyas bai ji tsoro ba, don yana ganin shi na ciki ne. Duk inda abokan Arkebiyos suka ɗaga hannu, nan yake ɗaga nasa. A lissafinsa ko ta ina aka juya ya ci: in wake ya ci gaba yana majalisa, in an koma zaɓe da ido buɗe, ai shi ne irin wanda ake nema.

Sai ga shi wata yamma ƙuri'ar shugaban yini ta faɗo kansa. Aka kawo makullai da hatimi aka danƙa masa. Makullan sun fi yadda ya zata nauyi, hatimin kuma bai kai girman da yake gani a mafarki ba. Ya rataya su a gefen da ya daɗe da zaɓa. Abu na farko da ya zo masa a rai, kuma ya ji kunyar zuwansa, shi ne ina ma Mikkos yana nan ya gani.

Da hantsi, ya miƙe ke nan ya gyara mayafi zai buɗe zama, sai ga Arkebiyos ya shigo ɗakin majalisa, bayansa mutane masu yawa, kowanne da hannu ɗaya a cikin mayafi. Ba sai an gaya wa kowa abin da ke cikin mayafan ba.

"Ɗan Harmon, barka da sa'a. Yau dai wake ya yi hankali."

"Ranka ya daɗe, yanzu zan buɗe zama."

"Babu zama. Daga yau an sauke tulu. Mutane kaɗan za su riƙe gari har yaƙi ya lafa. Kawo makullan."

Telesiyas ya waiga ya dubi 'yan majalisa, kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Kalmar nan da ya tanada tun yana saurayi tana nan a kan harshensa, ba ta da wurin sauka. "Ai yinina bai ƙare ba," in ji shi a hankali. "Sai faɗuwar rana."

Arkebiyos ya matso ya dafa kafaɗarsa kamar aboki. "Mun daɗe muna jira ya faɗo kanka. Da wani mai taurin kai ne irin mai kifin nan, da sai an zubar da jini a ɗakin nan, mu kuma ba ma so. Kai mutum ne mai fahimta."

Da hannunsa ya kwance makullan. Yana miƙawa ya rage murya yadda ba wanda zai ji. "Ni fa, ranka ya daɗe? A cikin waɗanda za su zauna?"

"Za a kira masu garkuwa in lokaci ya yi. Ka koma gida ka jira. Ai ka saba."

Ya koma Faleron a ƙafa rana tana tsaka, kambin ganyen a cikin mayafi. Kuma ya jira ɗin. Kullum da safe sai ya sauke garkuwa ya zauna a zaure yana goge ta da mai, kunnensa yana bakin hanya ko ɗan aike zai zo. 'Yan tsirarun suka zauna suka zaɓi junansu, 'yan'uwa da surukai da abokan hawan doki. Ba wanda ya tuna akwai wani mai baki a Faleron.

Yana nan zaune wata rana sai ga wani mai gyaran taru, maƙwabcinsa, ya leƙo zauren yana haki.

"Ɗan Jira, ka ji? Kwalekwale ya shigo daga wajen jirage. 'Yan filafili sun ce ba su san da wata sabuwar majalisa ba. Sun taru a kan yashi sun ce su ne gari, tunda su suke riƙe da shi. Sun sauke shugabannin da aka ɗora musu sun naɗa nasu. Har da Mikkos."

Telesiyas ya ci gaba da goge garkuwa. "Mai sa'ar wake ke nan. Ko a teku sai da ya bi shi."

"Wane wake? Ina suka ga tulu a can? Hannu aka ɗaga. Mai kwalekwalen ya ce da aka kira sunansa, bakin ruwan nan sai ka ce gonar sha'ir ta yi kai. An ce ko magana bai yi ba, su suka ce shi suke so, don tun da suka fita bai taɓa cin rabonsa ba sai ya ga na kusa da shi ya samu."

Maƙwabcin ya wuce ya kai labarin gaba. Telesiyas ya zauna da tsumman mai a hannu. Duk tsawon shekarun nan abu ɗaya yake jingina da shi, cewa makantar wake ce ta hana a gan shi. Ga shi an zaɓa da ido buɗe har wuri biyu. Kaɗan sun zaɓa ba su ɗauke shi ba, masu yawa sun zaɓa sun ɗauki Mikkos. Hassadar da ya zata ta mutu ranar tantancewa ta taso masa sabuwa fil, wannan karon kuma babu wani suna mai kyau da zai sa mata.

Hedista ta fito daga ciki da lulluɓi. Ta ji komai, idonta yana ƙyalli, bai ga haka ba tun ranar faten wake. "Zan sauka bakin ruwa in ji da kunnena," in ji ta. "Ga Baba nan."

Tun da aka kawo tsohon ba ta taɓa bar masa shi ba. Tana fita Baba Filton ya miƙe ya ce iska ta juya, jirginsa yana jiransa, ya nufi rijiya. Telesiyas ya riƙo shi ya zaunar, ya ba shi gurasa. Kafin ya juya tsohon ya sake miƙewa. Telesiyas ya lallashe shi, ya yi masa tsawa, ya kawo masa hujjoji masu kyau irin waɗanda ake kawowa a majalisa, tsohon yana gyaɗa kai yana tafiya. Can Telesiyas ya shiga ɗaki ya ɗebo masa ruwa, yana fitowa ya tarar an ture katakon, tsohon ya zura ƙafa ɗaya yana laluben inda zai taka. Da ƙyar ya fizgo shi, don hannun tsohon masunci bai manta ƙarfinsa ba. Suka zube tare a ƙasa.

Telesiyas ya daɗe a zaune yana haki, hannunsa a damƙe da rigar tsohon. Sannan ya miƙe ya ja shi har zaure, ya sauke igiyar daga turke. Ulun yana nan yadda aka naɗe shi. Matar maƙwabci tana shanya a kan soro, ta tsaya da rigar a hannu tana kallo, ya gan ta sarai, bai fasa ba.

Da ganin igiyar Baba Filton ya natsu, ya ɗaga hannuwansa da kansa irin na wanda ya saba. Telesiyas ya zagaya masa ita a ƙugu ya ƙulla, ya kai ɗaya bakin jikin zaitun ɗin tsakar gida ya ɗaure. Tsohon ya taka ya nufi rijiya, igiyar ta miƙe, ƙullin ya zarce ya matse shi. Ya yamutsa fuska ya dafe ciki. Telesiyas ya durƙusa yana ƙoƙarin sassautawa da farce, ƙullin ya ƙi.

Tsohon ya sunkuyo ya ƙura masa ido. "Kai kuma wane ne?"

"Telesiyas ne, Baba. Mijin Hedista."

"Ba ka iya ba, yaro. Naka yana ciwo. Je ka kira min Mikkos."